Kalmomin yanayi a hausar Adar: zafi, iska, laima, hadari da ruwa a gundumomin Madawa, Buza da Keita

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa ƙoƙarin mayar da darasin labarin ƙasa daga faransanci zuwa hausa ya san inda ake fara tuntuɓe, wato kalmar farko ta darasin. Faransanci na da « temps » da « climat » : ta farko halin da sama ke ciki yau ko gobe, ta biyu halin da aka san wuri da shi shekara da shekaru. Mu kuwa mun ɗora wa kalma ɗaya, « yanayi », kayan biyun duka, alhali kalma ce da ta fi yawo a rediyo da cikin aji bisa ga gona. Manomin Adar in zai yi zancen sama, « gari » yake cewa : gari ya yi zafi, gari ya lumshe, gari ya washe.

Littattafan makaranta sun saba raba yanayi gida biyar, zafi, iska, laima, gizagizai da ruwan sama, kowane da babinsa da na'urar awonsa. Abin da muke son nunawa a nan shi ne cewa a Adar waɗannan abubuwa biyar sarƙa ce, kowane na jan ɗan'uwansa, kuma hausa ta riga ta raɗa wa kusan kowace gaɓa ta sarƙar suna tun kafin a kafa ma'aunin ruwa na farko a ƙasar. Gaɓa ɗaya ce ba ta da suna tsayayye, ita ce wadda ido ba ya gani, kuma a kanta ne fassara ta fi ɓata.

Maganar ta wuce sha'awar masu nazarin harshe. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram, ake neman kalmomin koyar da kimiyya, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba hausa matsayin harshen ƙasa. Ban da makaranta, akwai sanarwar hasashen damina da ake rubutawa da faransanci a Yamai, a fassara ta, a karanta a gidajen rediyon karkara. Wanda ya saurare ta da iri a hannu yake sauraro, kuma irin ba ya da yawa.

2. Wurin da muke magana a kai

Gundumomin Madawa, Buza da Keita suna jere daga kudu zuwa arewa cikin jahar Tawa, tsakanin digiri 14 da 15 arewa da tsakiyar duniya. Mafi yawan ƙasar tana cikin yankin da takardun hukuma ke kira Adar-Dutsi-Majiya : tudun dutse mai faɗi, wanda kwaruruka masu zurfi suka tsattsage, kwarin Keita a arewa, na Majiya a tsakiya, sai kwarin Tarka wajen Madawa, inda albasa ta zama dukiyar mutane. Mai tafiya daga kan dutse zuwa gindin kwari yana ratsa ƙasa iri huɗu, kowace da sunanta da yadda take karɓar ruwa : dutsi, fako, jigawa da fadama. Ruwan shekara yana kaiwa tsakanin milimeta 300 da 500, Madawa ta fi kusa da adadin sama, Keita ta fi kusa da na ƙasa. Abin da rana da iska za su iya ƙafarwa a shekara kuwa ya haura milimeta 2000, wato ninki huɗu ko fiye na abin da ke zuba.

Hausar wannan yanki Bernard Caron ya bayyana ta a littafinsa na 1991. Ba za mu shiga bayanin sauti ba. Mu dai tuna cewa inda muka rubuta « fari », « damina », « marka » da « binne » bisa daidaitacciyar hausa, a bakin Ba'adare za a ji « hwari », « damana », « malka » da « bizne ». Rubutun « Doutchi » na taswirorin Faransawa ma daga furucin yankin ya fito.

3. Zafi : rana ɗaya, gari biyu

A digiri 14 na arewa, rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen tsakiyar Agusta. Da a ce tsayuwar rana kaɗai ke kawo zafi, da watannin nan biyu sun yi daidai. To amma a Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Tawa yana wuce digiri 40 kusan kullum da rana, a Agusta kuwa yakan tsaya wajen 32 ko 33. Bambancin nan na kusan digiri 8 ko 9 ba daga rana yake ba. A Agusta gizagizai na tare wani kaso na hasken, kuma abin da ya iso ƙasa yana ƙarewa wajen ƙafar da ruwan da ke cikin ƙasa da ganyaye. A Afrilu babu abin ƙafarwa, saboda haka duk ƙarfin rana a kan dutse da rairayi yake sauka, su kuma su gasa iskar da ke kansu. Tun a nan ke nan ba a iya bayyana babi na farko na littafin makaranta sai an aro daga babi na uku da na huɗu.

Hausa ta san da wannan. Mu duba misalan nan :

(1) Ana zafi.
(2) Ana gumi.
(3) Ana ɗari.
(4) Ana sanyi.

Faransanci zai mayar da (1) da (2) jimla ɗaya, ya mayar da (3) da (4) jimla ɗaya. A hausa kuwa (1) ya dace da Maris, lokacin da rana ke ƙuna amma jiki a bushe yake, don zufa na ƙafewa tun ba ta taru ba. (2) na ƙarshen bazara ne, lokacin da riga ke manne wa baya kuma barci ke gagara a ɗaka. Haka nan « ɗari » shi ne na Disamba da Janairu, mai tsaga leɓe da dunduniya, lokacin da asuba ke sauka wajen digiri 15 ko ƙasa da haka a cikin kwari. « Sanyi » ta fi faɗi, tana iya rufe ɗari, amma ita kaɗai ake faɗa wa sanyin marka da na randa da na ƙasa mai danshi. Ba a cewa ruwan randa ya yi ɗari. Abin da ya raba kowace kalma da abokiyarta a nan ba digiri ba ne, yawan ruwan da ke cikin iska ne. Za mu komo kansa.

4. Iskoki biyu

Shekarar Adar gaba ɗaya kokawa ce tsakanin iskoki biyu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar gabas maso arewa ke da gari. Daga hamada take fitowa, busasshiya, kuma sau da yawa ɗauke da ƙura mai laushi wadda babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar laka. Faransanci na kiran wannan iska « harmattan » tun daga farkonta har ƙarshenta. Hausa ta fi rarrabewa : « hunturu » iskar ce tare da ɗarinta, ƙurar da ta rataya a sama har rana ta koma kamar faifai kuwa « hazo » ce, ko « buda » a hausar yamma. Iskar Maris da ke fitowa daga kusurwa ɗaya amma da zafi, babu mai ce mata hunturu. Wanda ya fassara « harmattan » da « hunturu » a sanarwar watan Maris ya sa mai sauraro neman bargo.

Iska ta biyu daga teku take, daga mashigin Gini, tana hurowa daga kudu maso yamma. Abin da ke jawo ta shi ne zafin nan na bazara : in hamada ta gasu, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, nauyin iska a ƙasa ya ragu, sai iskar teku mai sanyi da nauyi ta kwararo ta cike gurbin. Zafi ke nan ya haifi iska. Iyakar da iskokin biyu ke karo ita ce masana ke kira « front intertropical », a taƙaice FIT. Mu muna ba da shawarar a ce « magamar iskoki ». Magamar tana gangarawa har kusa da bakin teku a Janairu, ta hauro sannu a hankali, ta ratsa Adar wajen Mayu, ta kai kusan digiri 20 na arewa a Agusta, sannan ta juya da sauri a Satumba da Oktoba.

Muhimmin abu a nan, wanda littattafan firamare da muka duba suka tsallake, shi ne isowar magamar ba isowar ruwa ba ce. A bakin magamar iskar teku siririya ce, kaurinta bai taka kara ya karya ba, kuma busasshiyar iskar hamada na kwance a kanta. Sai magamar ta wuce arewa da ɗaruruwan kilomita, iskar teku ta yi kauri, sannan ruwa na gaske ke samuwa. Tsakanin wucewar magamar da zuwan ruwa akwai makonni na jira, kuma hausa na da suna cikakke na wannan lokaci : « bazara ». Iska ta juya, gari ya yi gumi, itatuwa sun fara toho ba tare da sun ga ɗigo ba, shamuwa ta sauka ta fara sheƙa a kan itatuwan gari, ana ta sharar gona. Faransancin makaranta yana da lokaci biyu ko uku a shekara. Hausa na da rani, bazara, damina, kaka da ɗari, kuma cikin damina ta ware « marka ». A ganinmu rabon hausa ya fi kusa da abin da na'urori ke nunawa, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a koya wa ɗan Buza cewa shekararsa gida biyu ce ba.

5. Gaɓar da ba ta da suna

Iska tana ɗaukar ruwa a matsayin tururi marar ganuwa, kuma abin da take iya ɗauka yana ƙaruwa da zafinta. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi tana iya riƙe kimanin giram 9 na ruwa a digiri 10, giram 30 a digiri 30, giram 51 a digiri 40. Abin da masu awo ke bayarwa da kaso cikin ɗari shi ne gwargwadon abin da iskar ta riƙe bisa abin da za ta iya riƙewa. A Fabrairu da Maris da rana tsaka adadin yakan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari a wannan yanki. Da asubar Agusta yakan haura 80. In iska mai ɗauke da ruwa ta huce har ta kai inda ba ta iya riƙe kayanta, sai ta sauke : a kan ciyawa shi ne raɓa, a sama shi ne girgije.

Yaya za a kira wannan da hausa ? An saba cewa « laima » ko « danshi ». Amma duk biyun a bakin manomi sifar ƙasa ce, ko ta tufa, ko ta bango, wato abin da hannu ke taɓawa ya ji :

(5) Ƙasa na da laima, ana iya shuka.
(6) Laima ta haɗu.

Jimla ta (6) tana nufin ruwan da ya zuba ya nutse har ya tarar da danshin da ke ƙasa, babu busasshiyar ƙasa a tsakani. Magana ce ta yanke shawara, bayanta sai a ɗauki sungumi. To, in mai fassara ya tarar da « l'humidité augmente sur l'Ader » ya ce « laima na ƙaruwa a Adar », ya faɗi abin da mai rubutun bai nufa ba : shi iska yake nufi, mai sauraro kuwa ƙasa ya ji. Mun taɓa jin irin wannan fassara a wani gidan rediyo a farkon watan Yuni, a shekarar da ko ɗigo bai zuba a wurin ba tukuna.

Ba wai Bahaushe bai san ruwan da ke cikin iska ba ne. Ya san shi sarai, sai dai ya ajiye sanin a wasu wurare : cikin bambancin zafi da gumi, cikin bambancin ɗari da sanyi, cikin lura da cewa gishiri ya fara jiƙa a kasko, igiyar fata ta yi laushi, ƙofar itace ta fara cijewa, fatar ganga ta saki. Abin da babu shi ne suna guda da za a ɗora wa adadi. Shawararmu ita ce kada a taɓa barin « laima » ita kaɗai a rubutun kimiyya : a ce « laimar iska » a gefe ɗaya, « laimar ƙasa » a ɗaya gefen, ko da jimla za ta yi tsawo. Wasu abokan aiki sun fi son « tururin iska ». Muna ganin « tururi » na kawo hoton abin da ke tashi daga tukunya, wanda ido ke gani, alhali wahalar darasin duka ita ce a fahimtar da yaro cewa akwai ruwa a inda ba ya ganin kome.

6. Me ya sa hadari ke tasowa daga gabas ?

Ga tambayar da ɗalibai suka fi yi, kuma suna da gaskiya. An ce musu ruwa daga teku yake zuwa, daga kudu maso yamma. Su kuwa tun suna goye suke ganin uwayensu na duban gabas in ana jiran ruwa. Wa ya yi kuskure, littafi ko tsohuwa ?

Babu wanda ya yi kuskure. Hawa biyu ne na sama. A ƙasa, iskar teku na shigo da laima daga kudu maso yamma. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina. Da rana ƙasa na gasa iskar da ke kanta, iskar ta tashi, tana hucewa da kimanin digiri 10 a kowace kilomita, har ta kai inda za ta sauke ruwanta ya zama girgije. Saukewar kanta tana sakin zafi, zafin ya ƙara tura iskar sama, har girgijen ya yi tsiri ya kai kilomita 15 ko fiye. Da ya kai wannan girma, iskar saman ce ke jan ragamarsa, ta kora shi yamma. Irin waɗannan gizagizai sukan jeru su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, suna tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa 60 a awa. Da yawansu da la'asar suke haihuwa a kan duwatsun Abzin ko can gabas, su yi ta tafiya cikin dare. Binciken da aka yi a kewayen Yamai tun daga 1990, da manyan ayyukan awo na 1992 da 2006, ya tabbatar da cewa mafi yawan ruwan Sahel daga irin wannan sahu yake zuba. Abincin hadari daga yamma yake, tafiyarsa daga gabas.

Hausa ta raba « girgije » da « hadari », kuma rabon daidai yake da na masana. Girgije, ko gajimare, abu ne da ke rataye a sama, yana iya wucewa bai ce kome ba. Hadari kuwa yana da aikatau nasa, kusan duka irin na mai rai : yana haɗuwa, yana tasowa, yana gangamowa, yana watsewa, kuma a kirarin sarakuna shi ne wanda ke sa gabansa inda yake so. (A nan mu ja hankalin masu buga takardu : « hadari » na sama da « d » ake rubuta shi, « haɗari » na mota da « ɗ ». Tsofaffin keken rubutu marasa ƙugiya sun gama su, har yanzu kuma ana gadon kuskuren.)

Yadda hadari ke isowa ma a jere yake. Da farko gari ya yi tsit, gumi ya tsananta. Sai iska mai sanyi ta bugo daga gabas da ƙarfi, ta ɗauko jar ƙura ta yi bango. Wannan iska daga cikin hadarin take faɗowa : ruwan da ke zuba yana ƙafewa a hanya, yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi, ita kuma ta yi nauyi ta faɗo ta bazu a gaba. Bayanta ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin awa ko awa ɗaya, da tsawa da walƙiya, wani lokaci da ƙanƙara, sannan yayyafi mai tsawo da cida daga nesa. In kuwa iskar ƙasa ta cika bushewa, kamar a farkon bazara ko bayan magamar ta juya kudu, ruwan duka sai ya ƙafe bai taɓa ƙasa ba, a sami iska da ƙura kawai. Shi ne « holoƙo », wanda ake yi wa kirari da hadarin kaka, ana kuma faɗa wa mutum mai yawan alkawari. Faransanci sai ya yi jimla kafin ya faɗi abin da wannan kalma ɗaya ta ƙunsa.

Iskar gaban hadari ita ce babbar abokiyar gabar ƙaramar shuka. Tana kwasar rairayi ta yi ta bulalar hatsin da bai wuce kwana goma ba, ko ta binne shi. Ita da hunturu mai kwashe ƙasar gona su ne dalilin aikin da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, a 1975 : layuka bibbiyu na dogon yaro, a gicciye da hanyar iska, mita 100 tsakanin kowane sahu da na gaba. Wanda ya hango kwarin daga kan dutse yana iya karanta kusurwar iska a jerin itatuwan.

7. Ruwa, da abin da ake nufi da « an yi ruwa »

Milimeta ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi, wato lita 10 000 a hekta. Wannan lissafi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen cewa jimillar shekara ba ta gaya wa manomi abin da yake son sani. Tun da ruwan daga hadari yake zuwa, kuma hadari na da gefe, gari biyu masu nisan kilomita 10 suna iya samun damina biyu dabam. Kuma tun da ruwan shekara duka cikin ƴan kwanaki ƙalilan yake zuba, rashin hadari uku ko huɗu ya isa ya mayar da shekarar ƙoshi ta yunwa. Ga kuma ƙasa : milimeta 30 a jigawa sun nutse, a fako sun gudu cikin minti kaɗan sun bar wurin kamar ba a yi ba, sun je sun yanke gonar wani a gindin kwari.

Saboda haka manomi bai tsaya ga « an yi ruwa » ba. Tambayarsa ita ce ko « ruwan shuka » ne. Yana tona ƙasa da hannu ya auna zurfin laima da taƙi ko ɗani ko kamu. Masana sun nemi su ba wannan hukunci adadi. Ma'aunin da Sivakumar na cibiyar ICRISAT ta Sadore ya bayar a 1988, wanda aka yi ta amfani da shi a Sahel, ya ce damina ta kama in bayan 1 ga Mayu an sami aƙalla milimeta 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo. Sharaɗi na biyu shi ne ƙashin bayan maganar, kuma shi ne wanda ba a sanin cikarsa sai bayan wata ɗaya. Manomi ba ya da wata ɗaya na jira. Ko ya yi binne tun ƙasa na bushe ya bar wa Allah, ko ya shuka bayan ruwan farko ya ɗauki kasadar sake shuka sau biyu ko uku. Tsofaffi na haɗawa da lissafin watan bakwai na manoma, malamai kuma da lissafin taurari 28, kowane kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, wanda ke bin shekarar rana, ba ta wata ba. Dalilin wannan taka tsantsan ya fito fili a binciken Sultan da Janicot na 2003 : babban sahun ruwan Afirka ta yamma yakan daɗe a kusa da bakin teku, sannan ya yi tsalle zuwa arewa wajen 24 ga Yuni a matsakaicin lissafi. Ruwan Mayu da farkon Yuni a Adar sau da yawa ɗan aike ne, ba mai gida ba.

In sarƙar ta tsinke a gaɓa ɗaya, sunan abin « fari ». Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980 layukan ruwan sama a taswirar Nijar sun ja baya zuwa kudu da fiye da kilomita 100. Abin da Keita ta saba samu ya koma na garuruwan da ke kudu da ita. Mutane sun raɗa wa manyan shekarun yunwa sunaye, daga Kakalaba ta 1913-1914 zuwa El Buhari ta 1984, kuma Boureima Alpha Gado ya bi tarihinsu a littafinsa na 1993. Bayan farin 1973 ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, a 1974. A 1984 kuma aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, da jagorancin FAO, da abincin PAM, mata kuma su ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Aikin bai ƙara wa sama ko ɗigo ba. Abin da ya yi shi ne hana ruwan da ya zuba gudu : ramuka a gangaren dutse, kunyoyi a fako, shingayen dutse a cikin ƙoramu, da miliyoyin itatuwa. Dabarar jera duwatsu a gona daɗaɗɗiya ce a Adar, haka kuma « tassa » da « rabin wata » sun bazu daga wajen Illela tun ƙarshen shekarun 1980. Waɗannan kalmomi sun shiga faransancin ma'aikatan gona na Nijar, ko an fassara su kai tsaye daga gare shi, kuma sun cancanci nazari na dabam.

Tun daga shekarun 1990 jimillar ruwa ta ɗan farfaɗo, amma da wata sabuwar kama. Binciken da Taylor da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Bayanin da suka bayar ya bi sarƙar da muka zayyana : hamada na ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin na ƙarfafa iskar sama, ita kuma tana gina hadari mai girma. Ga kuma dokar da muka gani a sashe na 5, cewa kowane ƙarin digiri ɗaya na ba iska damar ɗaukar ƙarin ruwa kimanin kashi 7 cikin ɗari. A daminar 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, jahar Tawa na cikin waɗanda abin ya taɓa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Wannan ya kawo wa mai fassara sabuwar matsala. Hasashen damina da ake fitarwa kowace shekara kafin ruwa ya sauka yana amfani da kalmomi uku, « excédentaire », « normale » da « déficitaire », kuma duk ukun jimillar milimeta suke nufi. An saba mayar da ta farko « damina mai albarka » ko « damina mai kyau ». Amma « albarka » a hausa a rumbu ake auna ta. Daminar da ta zubar da milimeta 600 cikin hadari kaɗan masu ƙarfi, da fari na kwana 20 a tsakiya lokacin da hatsi ke fitar da kai, ta wuce kima a ma'auni, ta rushe gidajen ƙasa, ta cike fadamar albasa da rairayi, kuma ba wanda zai ce mata mai albarka a Madawa. Muna ganin a tsaya ga « ruwa fiye da yadda aka saba », « kamar yadda aka saba » da « ƙasa da yadda aka saba », a kuma ƙara jimla ta dabam a kan tsawon ƙwanakin da ake tsammanin ruwa zai ɗauke a tsakiyar damina, tun da hasashen na faransanci yana ɗauke da wannan bayani, fassara ce ke yawan yar da shi don a rage tsawon sanarwa.